Bakin da Ta Zaɓa wa Mijinta

An yi wata mata a ƙasar Sin, tun kafin a san ɗaukar hoto. A bakin kogi ta fara ganin mijinta, yana sauke buhunan ganyen shayi daga kwalekwale. Ya shimfiɗa mata katako ta tsallake taɓo. Da ta ɗago za ta yi godiya, sai ya yi wuf ya rufe bakinsa da hannu, domin da tsagaggen leɓe aka haife shi. Har suka tsufa tare bai daina rufe bakin nan ba.

Al'adarsu ce idan magidanci ya rasu a zana shi a kan siliki, yana zaune cikin tufafin girma. Duk sabuwar shekara sai a rataye zanen, 'ya'ya da jikoki su durƙusa su gaishe shi. Dattawansu kan ce ko silin gashi ɗaya mai zane ya kuskure, gaisuwar ta tafi wurin wani mutum daban. To, da mijin nata ya rasu, mai zanen da aka kira bai taɓa ganin mamacin ba. Sai ya baje mata samfurin idanu da hanci da baki iri-iri, ya ce ta nuna na mijinta. Ta nuna ido daidai, ta nuna hanci daidai. Da aka zo kan baki sai ta ɗora yatsa a kan wani lafiyayyen leɓe. A ranta ta ce ya sha kunya a duniya, bari ya huta.

Shekara ta kewayo, aka rataye zanen, dangi suka yi ta yabawa. Bayan an watse ta durƙusa ita kaɗai za ta ba shi labarin gida, kamar yadda ta saba yana da rai. Sai ta ga ta ja hannun rigarta ta kare fuska, kamar wadda ta shiga ɗaki ta tarar da baƙo. Nan hawaye suka zubo mata. Ta juya wa silikin baya, ta fuskanci tsaunin da aka binne shi.

"Maigida, ka yafe mini," ta ce. "Gobe zan koma wurin mai zane ya mayar maka da bakinka. Muddin ina numfashi, jikokinka ba za su sake durƙusa wa baƙo ba."

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba wane ba ne.