Hoton da Aka Ɗauka ta Kan Katanga

Ke da kika zo kina ƙorafin kasuwar wance ta fi taki, zauna ki ji wannan, kuma ki riƙe shi da kyau.

A wani gari an yi mata biyu masu sana'ar daddawa, katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma. Shekara da shekaru cinikinsu kunnen doki. Babbar mai sayensu wata mai dafa abincin biki ce a birni, takan aiko ɗan babur duk mako ya karɓi rabi nan, rabi can. Ana nan sai ta gabas ta samu waya mai hoto. Ba ta iya dogon rubutu ba, amma takan jingina wayar a jikin turmi ta ɗauki aikinta daki-daki. Yau ga ɗorawa an kaɗo ta daga bishiya. Gobe ga kalwa cikin tukunyar ƙasa, wuta na ci a ƙarƙashi. Jibi ga taɓarya wadda tsakiyarta ta yi santsi saboda riƙo, a ƙasan hoton ta rubuta cewa da ita kakarta ta yi daka. Matan birni suka riƙa jiran hoton gobe kamar masu jiran ƙarshen tatsuniya, kuma duk wadda ta bi labarin sai ta so ta ɗanɗana abin da aka yi wa wannan wahala.

Ta yamma tana gani, zuciyarta tana tafasa. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar maƙwabciya, ita ke fara jin ƙararsa. In an yi dariya a can gidan, sai ta ɗauka da ita ake. Ta sayi farin faranti, ta jera daddawarta a kai, ta ɗauka ta tura, ba wanda ya tanka. Tukunyarta kuwa ba ta isa ta nuna ba, domin tun da kalwa ta yi tsada take surka ta da waken suya a ɓoye. Maimakon ta gyara tukunyar, sai ta zauna tana bin hotunan maƙwabciya ɗaya bayan ɗaya, tana neman aibu, har miyarta tana ƙonewa a kan murhu. Mai neman aibu kuwa ba ya rasa abin kamawa. Ta lura akwai aiki ɗaya da matar nan ba ta taɓa nunawa ba, wato wankin kalwa, lokacin da ake daka ta da toka a cire ɓawo, ruwa ya yi baƙi, wuri ya caɓe. Ta ce a ranta, ashe ke ma kina da abin kunya.

Wata rana da hantsi ta kife turmi, ta taka, ta leƙa ta kan katanga. Ga ta gabas durƙushe, zani ya jiƙe sharkaf, toka har gwiwar hannu, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, ga ƙwaryar kalwa a gabanta, ga wani tsohon kwando a gefe. Ta ɗauki hoton a sace, ta tura wa taron matan birni a waya, ta rubuta, "Ga inda abin da kuke ci yake fitowa." Ta sauko tana murmushi, ta zauna jiran a yi tir.

Matan birni suka buɗe hoton, suka ƙara masa girma, suka duba cikin ƙwaryar. Abin da suka gani kalwa ce zalla, babu ƙwayar wake ko ɗaya. Wata ta ce haka uwarta take yi a ƙauye. Wata ta ce rabonta da ganin wannan aiki tun tana yarinya. Kafin la'asar hoton ya zaga inda hotunan ta gabas ba su taɓa kaiwa ba. Sai mai abincin biki ta kira ta yamma ta ce, "Kin kyauta da kika nuna mana. Turo mini naki wankin ma in gani." Ta yamma ta ce wayarta ta samu matsala. Washegari ta ce ba ta dafa ba. Rana ta uku ta ƙi ɗauka. Da mako ya zagayo tana tsaye a zaure ɗan babur ya wuce ƙofarta bai ko rage gudu ba, ya tsaya a ta gabas, ya ɗaure kaya duka.

Da yammacin ranar ta gabas ta yi sallama, ɗauke da ƙwarya cike da daddawa. Ta ce, "Maƙwabciya, ni kunyar wannan wajen nake ji, ban san shi mutane suke son gani ba. Allah Ya saka miki." Ta yamma ta sa hannu biyu ta karɓa, don babu yadda za ta yi. Ta jefa ɗaya a miya, miyar kuwa ta yi daɗi, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

To kin ji. Da ƙafarta ta taka turmi, da hannunta ta ɗauki hoton da ya fi kowanne kyau, ta miƙa wa wadda take so ta kayar. Hassada ga mai rabo taki ce.