Keken Apollos Yana Komawa Baya

Zaren ya sake tsinkewa, Apollos ya kai wa teburin keken ɗinkin naushi har almakashi ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Bai ɗauka ba. Selina matarsa ta shigo ta ɗauka ta ajiye masa, ta fita.

Tun safe abin ɗaya ne. Ya murza wili da hannu, keken ya ɗauka, ya yi ɗan ɗinki, sai ya cije, wilin ya juya da baya, zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi kamar sheƙar ɓera. Ga rigunan zumuntar mata na cocinsu na Luggere jibge a kan tabarma, an yanka, ko hannu ɗaya ba a haɗa ba, kuma ran Lahadi za a sa su. Matar Fasto ta tsallake duk telolin Jimeta ta kawo masa. Shi ne aikin farko da aka ba shi tun dawowarsa daga yaƙi. In ya kasa, ya san ba mai yi masa faɗa. Za dai a kwashe yadin a hankali a kai wa Bobboyi, telan bakin kasuwa, shi kuma a ce masa ya huta. Wannan hutun ne ya tsana.

Laifin ajiya ne, in ji shi. Keke ya shekara uku lulluɓe da buhu a ɗakin da ke yoyo, me ake so ya yi? Ya kwance ƙoshiya ya wanke da kananzir. Ya canja allura. Ya rage bel ɗin fata ya sake ɗaurewa, ya ɗura mai a kowane rami har teburin ya yi naso. Ya zagi tsatsa, ya zagi mai zare, ya zagi Baturen da ya ƙera keken tun daga kakansa. Gumi na zuba, zafin Yola ba ya wasa, amma yana nan cikin dogon wando da baƙaƙen takalma masu ƙyalli, sai ka ce faretin safe zai fita.

Da la'asar Selina ta kira Lado mai gyara, dattijo daga cikin garin Yola wanda ya san keken tun yana hannun uban Apollos. Aka matsar da keken gaban wata kujera. Lado ya tuɓe takalmansa, ya ɗora ƙafa a mataki, ya sa ƙyalle. Keken ya kama gudu lafiya lau, ɗinki a jere kamar haƙoran masara.

Wannan ya fi komai ƙona wa Apollos rai.

"Ɗana," in ji Lado, yana kallon allura, "keke ba shi da laifi. Amma ya tsufa, ka canja shi. Akwai na hannu, mai kyau ne, ba ya wahala."

"Na hannu? Bappa, ni za ka ce wa na hannu? Na matan kulle masu ɗinka hular jarirai? Ni da na ɗinka wa ma'aikatan En'e kwat!"

Lado bai ja ba. Ya sa takalmansa, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya dubi Selina, ita kuma ta dubi ƙasa. Apollos ya ga wannan kallon, ya ƙara hasala. Duk unguwar nan haka suka koma, kowa lallaɓa shi yake kamar ƙwai.

Washegari suka ɗauki motar haya zuwa wani kanti kusa da kasuwa. Ya shiga a hankali, ƙirji a gaba, Selina na manne da gefensa. Ga kekuna a jere, baƙaƙe masu zanen ruwan zinariya. Na hannu suna can gefe a cikin akwatunansu, bai ko dube su ba. Ya nuna mafi girma a cikin na ƙafa, ya ce a ba shi kujera.

Mai kantin baƙo ne a garin, bai san kowa ba, bai kuma iya lallashi ba. Ya zare ledar keken, ya sa zare, ya miƙo ƙyalle yana yabon kayansa. Apollos ya zauna, ya ɗora ƙafa a mataki, ya murza wili. Sabon keke fil, ko ƙura bai taɓa sha ba, ya ɗauka, ya cije, ya juya da baya. Zare ya tsinke.

Ya sake. Zaren ya sake tsinkewa.

"Wannan ma ruɓaɓɓe ne!" Muryarsa ta cika kantin. "Ku ɓarayi ne, ku da masu kawo muku!"

"Haba Oga, kar ka ɓata mini mashin," in ji mai kanti, shi ma ransa ya ɓaci. "Wane tela ne yake taka keke da takalmi? Gaba, baya, gaba, baya, haka ake yi. Kawo in nuna maka."

Kafin Selina ta buɗe baki, mai kantin ya durƙusa ya cafki takalmin da hannu biyu, ya ture ƙafar wandon sama. Sai ya tsaya. Ya saki a hankali, ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa.

Apollos ya nemi sauran fushin da zai yi, ya tarar ya ƙare, sai baƙin ciki tsagwaronsa. Ya daɗe yana kallon akwatunan da ke gefe, yana tuna rigunan da ke jiransa a kan tabarma.

"Ɗauko mini na hannun," ya ce.

Selina ta durƙusa ta ja masa ƙafar wandon ta rufe maɗaurin fata, don tun ranar da ya taka nakiya a bakin daga, daga gwiwa zuwa ƙasa ƙafafunsa duka biyun katako ne, katako kuwa ba ya lanƙwasuwa.