Babur ɗin Ruwan Yarona

Veikko ya sauya wa babur ɗin ruwa batir, ya zuba sabon mai, ya ɗaure kusoshin da suka saki. Injin ya yi tari, ya tashi.

Sabon maƙwabcinsa Jarmo ya leƙo ta shinge yana dariya. "Haba dattijo, da furfurarka? Ƙanƙarar tafki ko gama narkewa ba ta yi ba! Bar wa yara kayansu mana."

"Na yarona ne," in ji Veikko, yana ɗaura doguwar igiya mai ƙugiya a bayan babur ɗin.

"To yana ina, ya bar ka da wahala?"

Veikko ya dubi tafkin. "Yana ciki tun farkon sanyi. Kafin mu gano shi ƙanƙara ta rufe ruwan. Yau zan dawo da shi gida."