Kwamfutar Gwaggo

"Gwaggo, wace iri ce kwamfutar taki? Mai alamar taga ko mai tuffa?" na tambaye ta a waya daga ofis, bayan ta ce kwamfutar tana ba ta matsala.

"Mai ruwan toka ce."

Sai na zaɓi manhajar da ke shiga kowace irin kwamfuta daga nesa. Na koya mata yadda za ta sauke ta, ta karanto min lambobi, na shiga.

Fayiloli na tarar rututu: "Na ƙarshe", "Na ƙarshe sosai", "Wallahi na ƙarshe".

"Gwaggo, kina buƙatar waɗannan?"

"Ban ma san su ba."

Na share su tas, har kwandon shara na zazzage. Kwamfuta ta kama gudu kamar sabuwa.

"To, gwada yanzu."

"Har yanzu baƙa ƙirin take."

"Baƙa kuma? Ga ni a cikinta fa."

"A'a, tawa ai tun jiya ta ƙi kunnuwa. Ta ƙanwarka na jawo nake bin umarninka. Ta fita sayo takardar buga kundin digirinta, gobe za ta miƙa. Yauwa, ga ta nan ta shigo. Bari in ba ta ku gaisa."