Littafin Ummana

"Ke ta kujerar baya, me ya hana ki rubutu?"

Malamin ilimin halittu ya dakata da karanto mana darasi daga tsohon littafinsa. Saura wata guda mu zana jarrabawar fita, kuma dokarsa ɗaya ce: duk wanda bai kwafa ba, ya bar masa ajinsa har ƙarshen zango.

Na miƙe. "Malam, ina da shi a rubuce."

"Yanzu nake faɗa, har kin riga ni?"

Na kai masa littafin rubutun ummana. Ita ma shi ya koyar da ita, shekara ashirin da biyu ke nan. Ko waƙafi bai canza ba.

Aji ya yi tsit. Ya gyara tabarau yana ta buɗawa, can sai ya tsaya cak. Ni kuwa na fara haɗa jakata.

"Ashe ga darasin ƙoda," in ji shi. "Nawa ɓera ya cinye tun ba a haife ki ba. Tun daga nan nake tsallake shi."

Ya juya ga aji, littafin Umma a hannunsa.

"Ku rubuta: Ƙoda."