Yasin a Kan Ɓarawon Lamba

Rubutun na nan a ƙasan allo, can kusurwar dama, ya ƙi tafiya. Gide ya kashe kwamfutar ya kunna, ya sake kashewa ya kunna. Yana nan daram. Da Turanci yake, amma saƙonsa a fili ne: Windows ɗin nan ba ta da lasisi, a je a biya.

Kwamfutoci shida ne a ɗakin, duk shidan da wannan tambarin tonon asiri. Ɗakin na sabuwar makarantar Hajiya Lauratu ne a Sabuwa, ran Asabar za a buɗe shi gaban iyayen yara da masu unguwanni. Gide aka ba aikin haɗawa, wato Injiniya Gide na Faskari. Injiniyancin shi ya raɗa wa kansa, ya sa mai fenti ya rubuta a ƙofar shago.

Rashin sa'arsa, Hajiya tsohuwar malamar Turanci ce. Ta gyara tabarau ta karanta rubutun har ƙarshe.

"Gide, in baƙina suka ga wanga abin kunya, ka gama aiki a Sabuwa. Bakina kuma ka san shi."

Ya san shi sarai. Bakin Hajiya ya taɓa tashin wani tela daga garin, da kekensa da almakashinsa.

Lasisi na gaskiya akwai shi, amma Gide bai taɓa gane hikimar sayen abu da tsada alhali ga shi can a ɓagas ba. A wani zaure na waya ya samu dillalin lambobin lasisi mai kiran kansa Sarkin Lamba, hotonsa da kwat da nakatai, wai lamba ɗaya tasa tana buɗe kwamfuta goma. Gide ya tura kuɗi, lamba ta iso, haruffa da alƙaluma a jere kamar layin awon ciki. Ya buga ta da sauri, yatsunsa ko tuntuɓe ba su yi ba. Kwamfuta ta ce an rufe lambar, mutane da yawa sun sha amfani da ita.

Ya kira Sarkin Lamba. Da fari aka ce matsalar sabis ce. Daga baya aka ce ai shi ma a hannun wani ɗan Legas ya saya, shi kuma a hannun wani, shi ma a hannun wani. Daga nan wayar ta daina shiga.

Abin ya ci wa Gide rai ƙwarai. Shi za a yi wa sakiyar da ba ruwa? Mutumin da kwamfuta ba ta shiga shagonsa sai ya juya ta ya duba gaba da baya, har hoto yake ɗauka da waya don tsabar kula da aikin mutane? Tuwo ma ya kasa wuce masa.

Ranar kasuwar 'Yankara ya hau babur sai zauren Malam Uwais, wanda a yankin nan in an yi sata aka rasa ɓarawo, shi ake kai wa kuka. Gide ya durƙusa ya zayyana komai.

"Allah gafarta Malam, Yasin nake so a ja."

"A ja wa wa? Ba a sakinta a iska. Dillalin naka?"

"Ba ruwana da 'yan tsakiya, su ma sayowa suka yi. Tushen nake so. Wanda ya fara sace lambar nan ya kai ta kasuwa. Cikinsa ya kumbura, ya zama abin nuni a gari."

Malam ya ce, "Da ka yi haƙuri, ɗana. In ta fita ba a kiranta ta dawo."

"A ja, Malam."

Aka ja. Amin ɗin da Gide ya faɗa, har masu awon masara a waje sun ji. Ya fito zuciyarsa wasai, ya tsaya ya sha fura, yana ta hango wani ƙato a Legas riƙe da tumbi ana yi masa fifita.

Sai dai Yasin ba ta goge rubutu a allo. Ana gobe buki ya koma makarantar da dabararsa ta ƙarshe: ya yanko 'yan takardu masu ɗauke da sunan makaranta, yana manna su a kusurwar kowane allo, daidai kan rubutun. Wai ado.

Yana kan na huɗu Hajiya ta shigo, rungume da tsohuwar laftof ɗinta. Ta kalli adon, ta kalle shi.

"Za mu zo kan haukan nan," ta ce. "Fara duba min tawa. Ɗana ya aiko min ita, ya rantse komai nata na gaske ne, amma ita ma tun bara take min irin wannan rubutu."

Gide ya karɓa hannu bibbiyu, ya ji daɗin samun abin da zai ɓoye fuskarsa a ciki. Kamar yadda ya saba, ya juya ta. Ga 'yar sitika mai ɗauke da lambar lasisi a ƙasa, gefenta ya fara ɓantarewa. Ya karanta rukunin farko, ya karanta na biyu, sauran kuwa bakinsa ne ya ƙarasa su da ka. Cikinsa ya yi wani ƙugi mai tsawo, har Hajiya ta ja da baya.

Lambar da ya saya ce, harafi da harafi, wadda shi da kansa ya ɗauka a hoto bara, ranar da Hajiya ta kawo masa laftof ɗin nan gyaran fankarta, ya sayar wa wani a intanet a kuɗin tsire.