Baƙo Daga Passau

Jirgin ƙasa na Passau ya shigo tashar Munich da ƙarfe uku na yamma. Kilian Rehbein yana tsaye riƙe da furanni kamar mai taryen amarya, ransa a ɓace. Dietmar, abokin zamansa a majalisar mawaƙa, sai ɗaga wuya yake yana leƙen tagogi.

"Kai, ɗaga furen mana! Ta yaya baƙon zai gane mu?"

Kilian ya ɗaga.

Shekararsa uku a majalisar Maigida Ostertag. Kujeru goma sha biyu ne, ba a ƙarawa, tasa kuwa ita ce ta bakin ƙofa, inda sanyi ke shigowa. Mutanen majalisar ba sa kiran abu da sunansa. In mutuwa suke nufi, sai su ce farin tsuntsu a kan tafki. Ranar da Kilian ya fara kawo waƙa, Maigida ya duba baiti biyu ya ce, "Yaro, kai in ka ga ruwa sai ka ce ruwa." Aka kwashe da dariya. Tun daga ranar, duk abin da ya miƙa dawo masa yake yi da zaren da ya ɗaure shi, ko kwancewa ba a yi ba. Aikin da aka ga ya dace da shi shi ne karanta waƙoƙin wasu, a tsaye, da murya ɗaya, ba hawa ba sauka.

Ana nan sai wasiƙu suka fara zuwa daga Passau, garin da gwaggon Kilian ke zaune, tana aiko masa da cuku duk wata. Waƙoƙin wani ne wai shi Severin Holl, ba wanda ya taɓa ganinsa. Rubutunsa a karkace, ya gagari kowa, Kilian kaɗai ke karanta shi ba gargada. Da ya kai ƙarshen waƙar farko, Maigida ya share hawaye.

"Ka ji waƙa, Kilian? Ka koya, in kana da kunne."

Takaici ya hana shi cin abinci ranar. Wata shida ana haka. Severin ya ce, Severin ya yi, har wuyan riga aka fara ɗagawa don wai haka ake zaton yake yi. A ƙarshe Maigida ya aika masa goron gayyata, ya sa rana, ya ce amsa ma ba ya so. Ya kuma faɗa a gaban kowa cewa in baƙo ya zo, dole ɗaya ya tashi ya ba shi kujera. Duk idanu suka koma bakin ƙofa.

A tashar, fasinjoji suka watse. Wata tsohuwa da kwandon ƙwai ce ta sauka ƙarshe.

"To fa," in ji Dietmar. "Ka dai ji Maigida: kada ka taka masa gida sai tare da baƙon. Ya zo, ka rasa kujera. Bai zo ba, ka rasa ƙofar ma. Wallahi ka ba ni tausayi, mai ruwa."

Kilian ya ji kamar ya fasa ihu. Ya san Maigida yana yafe mugun baiti, amma bai taɓa yafe wa wanda ya mayar da shi abin dariya ba. Ya wurga furannin a kan benci, ya zauna kusa da su.

Dietmar ya ce sai su dawo taryen jirgin gobe. Kilian ya gyaɗa kai kawai. Ina zai samo mutumin da shi da kansa ya ƙago, ya kwafe masa da hannun hagu waƙoƙin nan da Maigida ya ƙi kwancewa, gwaggo tana jefa su a akwatin gidan waya?